A Daina Wanke Macbeth

Wata 'yar yayata da ke karatun adabin Turanci ta kawo mini littafinta na darasi in duba mata kafin jarrabawa. A shafin da aka yi bayanin Macbeth, wasan kwaikwayon nan na William Shakespeare, an jero wa ɗalibai abubuwa uku da suka jawo halakar jarumin: matsafa, matarsa, da dogon buri. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga sunan shi gogan a jerin ba. Mutum ya daɓa wa baƙonsa wuƙa yana barci, amma da aka zo lissafin masu laifi sai aka kirawo mata huɗu da wani hali da ba shi da hannu balle ya riƙe makami.

Abin ya ɓata mini rai, domin na san wannan lissafin. Shi ne muke yi wa manyanmu kullum. "Ai shi mutumin kirki ne, na kusa da shi ne suka ɓata shi." "Ai matar ce ke juya shi." "Ai asiri aka yi masa." Har karin magana muke da shi na musamman don wannan aiki: ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ni dai a ganina Macbeth ba wanda aka yaudara ba ne, ba kuma wanda buri ya makantar ba. Idonsa biyu. Ya san abin da zai yi mugun abu ne, ya lissafa dalilan da bakinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya je ya aikata. Nan ne ƙarfin wasan yake, kuma duk malamin da ya raba laifin tsakanin matsafa da mata ya zubar da abin da ya sa ake karanta shi fiye da shekara 400 bayan rubuta shi.

Ga wanda bai san labarin ba: Macbeth barde ne na Sarki Duncan na Scotland, kuma ɗan'uwansa. Yana dawowa daga yaƙin da ya ci wa sarki, shi da abokinsa Banquo, sai suka haɗu da matsafa mata uku. Suka ce masa zai sami sarautar Cawdor, daga baya kuma zai zama sarki. Suka ce wa Banquo shi ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za ta yi. Sarautar Cawdor ta tabbata nan take. Duncan ya zo kwana gidan Macbeth a Inverness, bai wayi gari ba. Daga nan sai jini ya yi ta bin jini har ranar da Macduff, hakimin Fife, ya shigo da kan Macbeth a hannu.

"Ai matsafa ne suka sa shi"

A koma a karanta abin da matan nan suka faɗa. Babu inda suka ambaci kisa. Babu inda suka ambaci Duncan. Albishir suka yi, suka ɓace.

Wanda ya kawo maganar kisa Macbeth ne, kuma tun ƙafarsa ba ta bar filin ba. Ana gaya masa an ba shi Cawdor, sai ya koma gefe yana zancen zuci, yana cewa wani tunani ya zo masa da ke tayar masa da gashin kai. Tun kafin nan ma Banquo ya lura da shi, ya tambaye shi me ya sa ya razana da jin magana mai daɗi haka. Mutumin da bai taɓa kwana da sha'awar kujerar a ransa ba dariya zai yi. Razana ta wanda aka tona wa asirin zuciya ce.

Sannan ga Banquo kansa. Kunne ɗaya suka saurara da shi, shi ma an yi masa alkawari mai tsoka. Bai kashe kowa ba. Har gargaɗi ya yi wa abokinsa cewa rundunar duhu takan gaya wa mutum ƙaramar gaskiya don ta ja shi zuwa babbar halaka. Shakespeare bai tsayar da mutum biyu gaban matsafan nan don ado ba.

Wani zai ce to ai ƙaddara ce, tunda duk abin da suka faɗa ya faru. Macbeth ya riga mai wannan magana amsawa. Shi da kansa ya ce idan rabo ya nufe shi da sarauta, rabon zai iya naɗa shi ba tare da ya motsa ba. Hujjar tana hannunsa: Cawdor ta zo masa bai nema ba, bai kashe mai ita don ya gaje shi ba. Da ya yi imani da maganar matsafan da gaske, da ya koma gida ya kwanta ya jira. Wuƙar da ya ɗauka shaida ce cewa bai yarda da su sosai ba, ya dai sami abin fakewa.

Mu ma ba ma karɓar wannan uzuri a inda abin ya shafe mu. Idan uwar adashi ta cinye zubin mutane ta ce wani boka ne ya gaya mata bana za ta yi arziki, babu wadda za ta tafi neman bokan. Ita za a riƙe.

"To matar fa?"

Wannan ya fi na farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ba shi da tushe ba. Matar Macbeth muguwa ce a daren nan. Ta roƙi aljanu su cire mata tausayin mata. Da mijin ya ce an fasa, ita ta tsaya a kansa, ta kira shi matsoraci, ta soki mazantakarsa, ta tsara yadda za a bugar da dogaran sarki biyu da giya. Da ya fito a ruɗe da wuƙaƙen a hannu, ita ta karɓa ta mayar, ta shafa wa dogaran jini. Tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne.

Amma a bi abin daki-daki. Tunanin kisa ya zo wa Macbeth a filin da ya haɗu da matsafan, matar tana gida. Da Duncan ya ayyana ɗansa Malcolm a matsayin magaji, Macbeth ya ce a ransa wannan tsani ne da dole ko ya tsallake shi ko ya faɗi a kansa, har ya roƙi taurari su ɓoye haskensu kada a ga baƙin nufinsa. Duk wannan kafin su haɗa ido. Labarin matsafan ma a wasiƙarsa ta karanta. Kuma a tsakiyar gardamarsu ta tuna masa cewa shi ne ya fara kawo mata maganar. Bai musa ba.

Akwai wani wuri da ya fi burge ni a wasan gaba ɗaya, kuma ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Lokacin da yake shi kaɗai, Macbeth ya kawo dalilai masu ƙarfi na fasawa. Duncan ɗan'uwansa ne. Sarkinsa ne. Baƙonsa ne, wanda ya kamata ya tsare wa ƙofa daga makashi, ba ya zama shi ne makashin ba. Kuma sarki ne mai tawali'u da babu abin zargi a mulkinsa. Ya ƙare da amincewa cewa ba shi da wani abin da ke ingiza shi sai buri tsagwaronsa.

To da matar ta shigo, me ya gaya mata? Bai ambaci zumunci ba, bai ambaci amanar baƙo ba. Cewa ya yi sarki ya karrama shi kwanan nan, mutane suna yabonsa, bai kamata ya zubar da wannan suna da wuri haka ba. Ya ɓoye dalilan da ba su karyuwa, ya miƙa mata wanda ya san za ta iya karyawa. Tana karya shi kuwa, tambayarsa ta gaba ita ce: in kuma abin bai yi nasara ba fa? Daga "bai halatta ba" an koma "kada a kama mu". Tana gama bayanin shirin giya, shi ya ƙara da cewa a yi amfani da wuƙaƙen dogaran, a shafa musu jini, kowa zai yarda su ne.

Wanda aka tilasta ba ya gyara shiri.

Bayan daren nan kuwa, matar ta fita daga lissafi. Yanka dogaran biyu da safe ba ya cikin tsarinta, shi ya yi. Kisan Banquo bai shawarce ta ba, da ta tambaya ma cewa ya yi ta zauna cikin rashin sani sai an gama ta yaba. Da ya zo ɗaukar 'yan ina-da-kisan, da irin salon da ta yi masa ya yi musu, yana tambayarsu ko su maza ne. Matar Macduff da 'ya'yansa da aka karkashe a Fife, ita ba ta ko kusa. Idan ita ce injin da ke tuƙa shi, me ya sa ya fi gudu bayan an cire ta?

Ita da ta ce ɗan ruwa kaɗan zai wanke su, ita ce ta ƙare tana yawo cikin barci tana murza hannu, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da ƙarnin jinin ba. Likitan da ya gan ta ya ce malamin addini take buƙata, ba shi ba. Tun a daren ma ta faɗa cewa da Duncan bai yi mata kama da mahaifinta a cikin barci ba da ita za ta yi. Ba ta iya ba. Mijin ya iya.

Shin buri ne laifin?

Nan ma na rabu da littafin darasin. Idan abin da yara za su ɗauka daga wasan shi ne "kada ka cika buri", an cuce su. Yarinyar da ke son zama likita buri take da shi. Yaron shago da ke tara 'yan kuɗinsa don ya buɗe nasa, buri ne. Ba za mu kwana muna kukan matasa sun mutu a zuciya ba, mu wayi gari muna koya musu cewa son ɗaukaka shi ne ya kashe Macbeth.

A cikin wasan ma ba shi kaɗai ke son abu ba. Malcolm yana son gadon ubansa, har Ingila ya je ya samo runduna. Banquo ya kwana da maganar zuriyarsa a rai, ya ce yana mafarkin matsafan, yana roƙon a kare shi daga miyagun tunanin da ke zuwa masa. Da Macbeth ya laluɓe shi da cewa in ya goya masa baya zai sami girma, amsar da ya bayar ita ce ya yarda muddin ba zai rasa mutuncinsa wajen neman ƙarinsa ba. Buri ɗaya, amma ɗaya ya shata wa nasa iyaka.

Bambancin yaron shagon da ke tara kuɗi da wanda ke zare wa maigidansa daga aljihun tebur ba yawan son shago ba ne. Duk biyun suna so. Ɗaya ne ya yanke cewa akwai abin da ba zai taɓa ba ko da zai shekara goma yana jira. Kiran abin da na biyun ya yi "buri" ma wata hanyar wanke shi ce, domin tana sa sata ta yi kama da himmar da ta ɗan wuce gona da iri.

Amma ai ya sha azabar zuci

Wannan ce hujjar da ta fi shiga jikin masu karatu, ni ma tana taɓa ni. Macbeth ba dutse ba ne. Ya ga wuƙa tana yawo a iska kafin ya shiga ɗakin. Da ya ji wasu masu barci sun farka suna addu'a, ya so ya ce amin, kalmar ta maƙale masa a maƙogwaro. Ya ji murya tana cewa ya kashe barci, ba zai ƙara runtsawa ba. Ya dubi hannunsa ya ce duk ruwan teku ba zai wanke shi ba, sai dai hannun ya rine tekun. A wurin liyafa ya ga fatalwar Banquo zaune a kujerarsa, ya yi ta sambatu gaban manyan ƙasa.

Sai dai wahala daban, tuba daban. A duk faɗin wasan babu inda Macbeth ya nemi gafara, babu inda ya yi niyyar sauka, babu inda ya tuna da mutum biyun da ya ɗora wa laifinsa ya kuma yanka su kafin su buɗe baki. Tun a zancen zucinsa na farko ya faɗi gaskiyar damuwarsa: da abin zai ƙare a nan ba tare da ya dawo masa ba, da ya yi kasadar lahirarsa. Tsoron sakamako ne a duniya, cewa wanda ya koya wa mutane zubar da jini wata rana darasin zai dawo kansa.

Kuma a lura da abin da yake yi da azabar. Duk lokacin da zuciyarsa ta dame shi, maganin da yake nema shi ne wani sabon kisa. Bayan fatalwar Banquo ya ce ya yi nisa cikin jini har komawa baya ta zama daidai da ƙarasawa wajen wahala. Ya ce akwai bawan da yake biya a gidan kowane babba don ya kawo masa rahoto. Ya koma wurin matsafan da ƙafarsa, wannan karon ba su suka tare shi ba. Da ya ji Macduff ya tsere Ingila, ya yi alkawarin daga yau abin da zuciyarsa ta fara rayawa shi hannunsa zai fara yi, ba sauran tsayawa tunani. Mata da ƙananan yara ne suka biya kuɗin wannan alkawari, kuma kashe su bai ƙara masa ko taƙi ɗaya na tsaro ba.

Watau zuciyar da ke hana shi, shi ya zauna ya kashe ta da gangan, domin tana rage masa sauri. A ƙarshe yana cewa ya kusa manta ɗanɗanon tsoro. Aka gaya masa matarsa ta mutu, bai iya ko kuka ba, sai ya ce rayuwa labari ce da wawa ke bayarwa, hayaniya ce ba ma'ana. Mutane suna ɗauko wannan magana suna liƙawa kamar hikimar Shakespeare ce game da duniya. Ba ita ba ce. Hukuncin mutumin da ya wofintar da tasa rayuwar ne da hannunsa.

Don haka sanin da yake da shi ba sassauci ba ne a wurina. Alƙali ya fi tsananta wa wanda ya kwana yana shirya abu fiye da wanda ya yi cikin fushi, kuma daidai ne.

Inda masu sukar wasan suke da gaskiya

Akwai Macbeth na tarihi, kuma an zalunce shi. Ya mulki Scotland daga 1040 zuwa 1057, shekara 17. Duncan na gaskiya ba dattijo ba ne, kuma a fagen yaƙi ya mutu kusa da Elgin, ba a kan gadon baƙi ba. Mulkin Macbeth ya zauna har ya iya barin ƙasar ya tafi ziyarar ibada birnin Rum a 1050. A wancan zamani kuma ba dole ne ɗa ya gaji uba kai tsaye ba, sarauta tana zagayawa tsakanin rassan gida, saboda haka yana da tasa hujjar.

Shakespeare ya samo labarin daga littafin tarihin Holinshed, bugun 1587. A can Duncan sarki ne mai rauni, Banquo yana cikin waɗanda suka haɗa baki aka kashe shi, Macbeth kuma ya yi shekara 10 yana mulkin adalci kafin ya lalace. Kisan sarki baƙo da zugar matar gida ma daga labarin wani mutum daban aka aro shi, Donwald, wanda ya sa aka kashe Sarki Duff a gidansa.

Dalilin sauye-sauyen ba ɓoyayye ba ne. An rubuta wasan wajen 1606. Sarki James na Scotland ya hau gadon Ingila a 1603, ya zama uban ƙungiyar wasan da Shakespeare ke ciki, kuma gidansu na danganta kansa da Banquo. Mutum ne da ya damu da matsafa har ya wallafa littafi a kansu a 1597. A Nuwamban 1605 kuma aka bankaɗo shirin tarwatsa majalisa da albarushi da shi a ciki. Marubucin da ke cin abinci a inuwar wannan sarki ba zai nuna kakan sarkin a matsayin makashin sarki ba.

Na yarda da duk wannan. Wanda ke son tarihin Scotland kada ya neme shi a dandamali. Amma a duba abin da gyare-gyaren suka haifar. Duk wani uzuri da tarihi ya ba Macbeth, marubucin ya cire: raunin sarki, haƙƙin gado, abokan shawara, shekarun adalci. Ya bar mutum ɗaya a tsaye da abin da yake so da abin da ya sani. Abin mamaki ne a ce shi ya sha wahalar kwashe uzurori, mu kuma mu zo a aji muna mayar da su.

Waɗanda ba sa shiga jerin

Idan dole sai an ƙara sunaye a gefen na Macbeth, ni ba mata huɗun nan zan fara rubutawa ba. Manyan fada zan rubuta.

Labarin da aka bayar da safe shi ne 'ya'yan Duncan ne suka biya dogarai su kashe ubansu, shaida kuwa ita ce sun gudu, Malcolm Ingila, Donalbain Ireland. Dogaran da za a tambaya an riga an yanka su. Wannan labari bai isa ya ruɗi yaro ba, amma aka tafi Scone aka yi naɗi. Banquo, wanda na yaba ɗazu, ya faɗa a ransa cewa yana tsoron ta mummunar hanya abokinsa ya samu. Bai gaya wa kowa ba. A numfashi na gaba yana tunanin ko tasa zuriyar ma maganar za ta tabbata. Shirunsa bai cece shi ba. Lennox, wani hakimin, sai da aka kashe Banquo sannan ya fara magana, ita ma da habaici. Macduff ne kaɗai ya ƙi zuwa naɗin, ya koma gida Fife.

Sai kuma Ross, wanda na fi so ɗalibai su sa wa ido. Shi ya kawo wa Macbeth albishir ɗin Cawdor daga bakin Duncan. Ya ji bayanin kisan daga bakin Macduff, ya ce shi dai zai tafi Scone. Yana zaune a liyafar da sarki ya yi ta magana da kujerar da ba kowa. Ya ziyarci matar Macduff, 'yar'uwarsa, ya ba ta haƙuri, ya ce ba zai iya daɗewa ba, ya fita, jim kaɗan makasa suka shigo. Da ya isa Ingila Macduff ya tambaye shi iyalinsa, da fari cewa ya yi lafiya lau ya baro su. Bai ɗaga wa kowa wuƙa ba a duk wasan, bai kuma tare wa kowa ita ba. Ya yi wa Duncan aiki, ya yi wa Macbeth, kuma a fitowa ta ƙarshe yana tsaye kusa da Malcolm lokacin da sabon sarki ke sanar da ƙarin girma ga dukkan hakimansa.